Wayar da Nicanor Yake Ta Sa wa Caji

Litinin, 5 ga Yuni

Kwana uku da rasuwar Mama. An binne ta ranar Asabar cikin ruwan sama. Gidan cike yake da dangi, kowa da kofin kunun masara a hannu, kowa na taka min ƙafa yana ba ni haƙuri sau biyu, na mutuwa da na takun.

Na ɗauko allona da tsinkena na shige ɗaki. Amfanin rubutun makafi ke nan, ko a kan teburin cin abinci na bar takardar ba mai iya karanta ta a gidan nan.

Ƙanena Nicanor ya buɗe shagonsa na gyaran takalma tun jiya. Ina jin gudumarsa daga nan.

Laraba, 7 ga Yuni

Wata cikin masu zuwa addu'ar kwana tara ta tambaye ni yadda muke magana da ƙanena. Na ce ba ma yi. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Idona ya tafi ina shekara huɗu, ƙyanda ce. Shekara guda bayan nan aka haife shi, kurma tun daga ciki. Ban taɓa ganin hannunsa yana magana ba, bai taɓa jin muryata ba. Aka kai ni makarantar makafi a babban birni, shi aka kai shi ta kurame, sai hutu ke haɗa mu. Shekara arba'in da bakwai Mama ce a tsakani. In faɗa mata, ta juya masa da hannu. Ya yi mata hannu, ta faɗa min. Har faɗanmu ta wajenta yake bi, kuma na daɗe ina zargin tana rage masa zafi a hanya.

Namu na kanmu bai wuce huɗu ba. Taɓa kafaɗa sau ɗaya, abinci. Sau biyu, matsa min. Jan hannun riga, zo. Matse gwiwar hannu, akwai rami ko matakala. Da su za mu ci gaba, ina ji.

Lahadi, 11 ga Yuni

An gama addu'ar kwana tara. An kwashe furanni, an raba tamal, dafaffen ƙullin masarar nan da ake naɗewa a ganye, mutane sun watse. Gwaggo Casilda, ƙanwar Baba, ta zaunar da ni a kicin kafin ta kama bas ta koma garinsu, Coatepeque.

Ta ce, "Herminia, makauniya da kurma a gida ɗaya da tukunyar gas? Ke ba za ki ga wutar ba, shi ba zai ji ihunki ba."

Na ce, "Gwaggo, ina jin ƙaurin abu tun kafin ke ki gan shi."

"Bakin nan dai ba abin da ya same shi."

Ga abin da ta tsara. Ranar addu'ar arba'in, 12 ga Yuli, za ta tafi da Nicanor wajen ɗanta mai shagon takalma a can. Ni kuma akwai gidan masu hidimar coci a babban birni da ke karɓar mata makafi, ta riga ta yi musu magana. Gidan Mama a ba da haya. Ta ce in muna da wata dabara mu nuna mata kafin ranar, ita ba muguwa ba ce. Gaskiya ne, ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya fi sauƙi.

Na tambaye ta ko ta faɗa masa. Ta ce ta rubuta masa a takarda, ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu.

Ban ji komai ba sosai. Na wanke kofuna talatin da ɗaya.

Talata, 13 ga Yuni

Na koma aikin tausa a ƙungiyarmu ta makafi. Mutum uku tausar baya, mutum ɗaya ta wuya.

Mutumin da muke kira Don Eleuterio ya tare ni a bakin ƙofa. Shi ke koya wa 'yan ƙungiya waya, makaho ne shi ma, kuma shekara biyu yana bina kamar mai tallan magani. Wayata kira nake yi da ita, sai in ji ƙarfe nawa, shi ke nan. Ba na son abin da zai yi magana ba a tambaye shi ba.

Ya ce akwai manhajar da in ka yi magana take rubutawa a allon waya da manyan baƙaƙe. In yi magana, in juya wa Nicanor, ya karanta.

Na ce, "Don Eleuterio, ni da ƙanena mun yi kusan shekara hamsin ba mu ɓata ba. Ka san dalili? Ba ma jin juna."

Ya ce, "Doña Herminia, kawo wayar ki daina cika baki."

Ban ba shi ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Na ba shi. Ba don komai ba, don ya ƙyale ni.

Ya sa manhajar, ya gwada, wayar ta maimaita masa abin da ta rubuta, daidai har da sunana. Ya koya min inda zan taɓa sau biyu. Ya ce in riƙe ta daidai ƙirjina, allon na kallon mutum.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na jira har ya rufe shago ya shigo shan kofi na yamma. Na ja hannun rigarsa, na taɓa sau biyu, na ce, "Nicanor, ni ce Herminia. Ka ƙoshi?" Wauta. Wa zai zama in ba ni ba. Wayar ta maimaita min, ta rubuta daidai. Na juya masa.

Sai ya karɓe ta daga hannuna. Na ji yana jujjuya ta, tana ta surutu a hannunsa, shi bai sani ba. Ya tashi, na ji ya jawo igiyar caji a bayan firji. Wayar ta ce: ana caji, kashi tamanin da bakwai.

Ya dawo ya taɓa kafaɗata sau ɗaya. Abinci.

Lahadi, 18 ga Yuni

Sabon salo. Ina tsince wake sai na ji an manna min gilashi mai sanyi a kunne. Wayarsa ce. Na saurara, ba komai. Ya cire, ya sake mannawa, ba komai. Da farko na ɗauka ko muryar Mama ce ya ajiye a ciki, na riƙe numfashina don in ji. Ko ƙis.

Sai na gane. Kwaikwayona yake yi. Na tura masa waya a fuska, shi ma ya tura min a kunne, mu ga wa zai ji daɗi. Na ture hannunsa.

Mama takan ce yana da ba'a, duk kuramen unguwa shi ke sa su dariya. Ban taɓa ɗanɗana ba'ar tasa kai tsaye ba sai yau. Ba ta burge ni ba.

Laraba, 21 ga Yuni

Na sake gwadawa, da safe wannan karon, kafin ya buɗe shago. Na yi magana mai tsawo. Na faɗa masa yadda Mama ta yi ranar ƙarshe, lokacin da shi ya fita kiran mota ni ina riƙe da ita, da abin da ta ce a kansa. Na faɗa masa wasu abubuwa kuma game da maganar Gwaggo, ba sai na rubuta su nan ba. Ban yi niyyar kuka ba, muryar ce ta ƙi tsayawa.

Na juya masa wayar na riƙe har hannuna ya gaji.

Ya karɓa, ya shafa kaina kamar yadda ake yi wa yaro, ya kai ta bayan firji. Ana caji, kashi casa'in da ɗaya.

Na tafi aiki. Wani direban bas ya ce yau hannuna da nauyi, na ce bayansa ne ya yi laushi.

Alhamis, 22 ga Yuni

Don Eleuterio ya tambaya yaya. Na ce manhajarsa tana aiki, ƙanena ne ba ya aiki. Ya ce in tura masa saƙo ta lambarsa. Na ce to.

Ba ni da lambarsa. Mama ce ke da ita, kuma Gwaggo ta tafi da wayar Mama. Ban faɗa wa Don Eleuterio wannan ba.

Asabar, 24 ga Yuni

Sau biyu yau ya manna min wayar tasa shiru a kunne. Na biyun ya riƙe kaina da ɗaya hannun don kada in kauce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizge, na ɗauko tawa, na taɓa sau biyu, na faɗa masa abin da ya zo bakina: ya tafi ɗin, ya bi Gwaggo, in huta da ƙarar gudumarsa, dama ban taɓa sanin ina da ƙane ba.

Na tura masa a fuska. Ya karɓa. Wannan karon ban ji an jawo igiya ba.

Litinin, 26 ga Yuni

Wayata ba ta bayan firji, ba ta kan tebur, ba ta ko'ina. Tun Asabar tana wajensa. Da safe ya fita, ya dawo, na laluba aljihun rigarsa da ya rataye, babu.

Ƙwacewa ya yi ke nan, don kada in ƙara damunsa.

Gwaggo ta kira ta tsohuwar wayar gida. Ta ce yaya kuke. Na ce, "Gwaggo, ki zo ki ɗauki kayanki ranar da kika ce." Ta ce ba ta zaci zan sauko da wuri haka ba. Na ce ba saukowa na yi ba, gajiya na yi.

Talata, 27 ga Yuni

Doguwa ce yau, bari in bi ta a jere.

Wajen ƙarfe huɗu na ji an buɗe ƙofa, takun mutum biyu. Ɗaya nasa, ɗaya na mace mai takalmi mai tsini. Ta ce ita ce Marleny, mai rumfar gyaran waya a kasuwa, bayan masu sayar da fure. Ta san Mama a coci.

Ta ce, "Na zo ne in ga mai bakin nan da idona."

Na ce wane baki.

Ta ce jiya Nicanor ya kai mata wayata da takarda. Ta karanta min takardar: "Wayar yayata ta mutu. Sau uku ta kawo min, har da kuka. Na yi caji, ba ta tashi. Ki gyara da kyau."

Na ce wayata lafiyarta ƙalau.

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Doña Herminia, amma allon baƙi ƙirin yake. An sa mata labule."

Sai na tuna. Ranar da na sayi wayar, shekara uku ke nan, Don Eleuterio ya rufe allon. Duk 'yan ƙungiya haka muke yi, batir ya fi daɗewa, kuma na kusa da kai a bas ba zai leƙa maka ba. Waya na magana, tana aiki, hasken ne kawai babu. Wa zai tuna da hasken da bai taɓa gani ba? Shi Don Eleuterio da ya sa min manhajar da kunne ya gwada ta, ni ma da kunne. Makafi biyu sun duba aiki sun ce ya yi. Sau uku ina tura wa ƙanena, mai gyara, mataccen gilashi a fuska, shi kuma yana yin abin da ya iya.

Na ce to shi fa, da yake manna min tasa shiru don ya yi min ba'a?

Ta ce in tsaya. Na ji ta karɓi wayarsa, ta danna wani abu a gefe sau da yawa. Ta fashe da dariya har ta nemi kujera. Abokansa na ƙungiyar kurame ne suka sa masa manhajar da in ya rubuta take faɗa da murya. Su biyar suka taru suka gwada, suka ga alamar tana motsi a allo, suka ce ta yi. Sautin wayar a rufe yake tun ranar da aka saye ta.

Na so in yi dariya ni ma. Sai ta daina tata.

Ta ce da ta ɗage labulen a rumfa yana tsaye kusa da ita. Allon ya kawo haske, rubutun na nan da manyan baƙaƙe. Na tambaye ta wanne. Ta ce na ƙarshe kaɗai yake ajiyewa, na baya ya goge. Na Asabar ke nan.

Maganar farko da ya taɓa karantawa daga bakina a duniya.

Ta ce akwai saƙo huɗu da ya ajiye a tasa, waɗanda yake ta manna min. Ta tambaye shi da hannu, ina ji ya yarda, don ta kunna. Muryar wata mace ce mai sanyi, irin ta masu karanta labarai.

Na farko: "Yaya, ni ne Nicanor."

Na biyu: "Matakala ta uku ta tsage. Taka gefen bango. Zan gyara."

Na uku: "Wakenki ba gishiri. Kullum."

Na huɗu: "Gwaggo ta ce in tafi. Ke me kika ce?"

Na ji yana danna allo a hankali, da yatsa ɗaya. Matar cikin wayar ta ce: "Na ga amsa."

Ya shiga shago ya rufe ƙofa. Marleny ta ajiye min wayata a cinya, ta ce ta bar labulen a ɗage, in na ga dama in mayar. Ta ƙi shan kofi.

Laraba, 28 ga Yuni

Ba guduma yau.

Alhamis, 29 ga Yuni

Na faɗa wa Don Eleuterio. Ya ce mutum shida ya sa wa manhajar nan a bana, kuma uku sun dawo sun ce ba ta da amfani. Na ji yana lalubar sandarsa, ya ce bari ya je ya yi kira.

A gida na yi magana cikin wayar na juya ta wajen da nake jin numfashinsa. Na riƙe, na riƙe. Ashe ya daɗe da fita, labulen ƙofa ne ke motsi. Wannan ce matsalar da ba wanda ya faɗa min: ba ni da hanyar sanin ko yana kallo. Mai ji ko ya juya baya magana za ta shiga. Shi kawar da kai kawai zai yi, ya rufe ni ruf.

Lahadi, 2 ga Yuli

Yana haɗa kaya. Na yi tuntuɓe da kwali biyu a zaure, na taɓa ciki, ƙafafun katako ne na gyaran takalmi da gwangwanayen gam. Ya mayar wa mutane takalmansu, na ji suna zuwa karɓa ɗaya bayan ɗaya.

Matakala ta uku an gyara ta. Siminti bai gama bushewa ba, ya sa katako a kai.

Na sa gishiri a wake. Ya ci, bai ce komai ba, ko da yake yanzu yana da abin cewa da shi.

Laraba, 5 ga Yuli

Ban je aiki ba. Na shiga shagonsa, rabona da shiga tun Baba na da rai. Warin fata da gam. Na laluba na sami akwatin kayan aikinsa a ɗaure da igiya, na zauna a kai. Ya taɓa kafaɗata sau biyu. Ban matsa ba. Ya sake. Na kama hannun na bi shi har kafaɗa, har wuya, na riƙe haɓarsa da hannun hagu, na juyo da fuskar wajen wayar da ke hannun dama. In ya kawar zan ji.

Ashe gashin baki gare shi. Ba wanda ya taɓa faɗa min. Haɓar irin ta Baba ce, mai tsaga a tsakiya, kuma akwai tabo a ƙasan kunne wanda ban san labarinsa ba.

Na ce, "Na ɗauka ba'a kake min, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa. Ƙarya ne. Ba na so ka tafi."

Na ji haɓar ta motsa, yana karantawa. Ya cire hannuna, ya ciro wayarsa. Matar ta ce: "Rubutu ya wuce da sauri. Sake."

Na sake.

"Gilashina ba ya nan. Sake."

Gilashin na kan hancinsa, na taɓa shi da yatsana. Na faɗa masa haka, na ƙara da cewa shi ɗan banza ne. Matar ta ce, cikin ladabi: "Wannan na gani sarai."

Daga nan na maimaita masa abin da Mama ta ce ranar ƙarshe, wanda wayar ta goge. Wannan bai ce in sake ba. Mun daɗe a wurin, ni a kan akwati, shi a ƙasa. Da zan fita na tambaye shi tabon. Ya ce ni ce, da cokalin miya, ina shekara tara, wai ya ɓoye min sanda. Ban tuna ba sam.

Asabar, 8 ga Yuli

Surutu gare shi. Ban san haka kurame suke ba. Tun safe matar nan ke bina daga kicin zuwa wurin wanki: na bar famfo na ɗiga, rigata ta coci ta koɗe a kafaɗa, mai kawo gas yana kallona fiye da kima. Rubutunsa gajere ne, kalmomin a jere irin nasu, amma ana ganewa.

Na ce masa muryarsa ta mace ce. Bai sani ba. Ya ce in zaɓar masa wata. Akwai maza uku, na saurare su duka, na ɗauki mai kauri wanda ba ya sauri. Ya tambaya yaya take. Na ce kamar ta mutumin da ya ƙoshi. Ya ce ta yi.

Saura maganar Gwaggo ta ihu, don tana da gaskiya a nan. Marleny ta sa masa wani abu da ke sa wayar ta yi rawa a aljihunsa in an yi ƙara mai ƙarfi. Mun gwada, na ƙwala kira daga wurin wanki, ya zo. Bayan awa ɗaya ya sake zuwa a guje, har ya zubar da bokiti. Maƙwabta ne ke fasa abin wasan wuta, kakarsu ta cika shekara tamanin. A garin nan kullum akwai wanda ya cika shekara. Zai rame.

Bai kwance kwalayen ba tukuna. Ban tambaya ba.

Laraba, 12 ga Yuli

Addu'ar arba'in. Daga coci aka dawo gida, Gwaggo ta zo da ɗanta da motar ɗaukar kaya.

Muka zauna a tebur. Na ajiye wayata a tsakiya, na jingina ta da kwanon sukari, allon na kallon Nicanor. Gwaggo ba ta kula ba, ta shiga magana a kansa yadda aka saba, kamar ba ya wurin: shi ba ya ba da wahala, abinci kawai za a ba shi da wurin kwana, bawan Allah ba ya ma sanin abin da ake ciki.

Sai muryar mai ƙoshi ta ce daga gefena: "Ina sani, Gwaggo."

Na ji cokali ya faɗi.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ɗan yayanki ne. Ku gaisa."

Ta dawo kaina. Ta ce ni da bakina na ce ta zo ta ɗauke shi, ta ɗauko mota tun daga Coatepeque, an gyara masa ɗaki. Duk wannan yana hawa allon, ya karanta. Ban musa ba. Na ce na faɗa, kuma na janye, kuma shi ya kamata a tambaya tun farko, ba ni ba. Ta kawo maganar gas, muka nuna mata na ihu. Ta ce in batir ya mutu fa? Na ce nan kam ba a fi shi ba, ba abin da ya iya kamar caji.

Sai ta yi abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta kira sunansa, ta yi magana a hankali, da shi take. Ta ce, "Nicanor, ɗana, kai me kake so?"

Ya daɗe yana dannawa. Muka jira.

"Na gode da ɗaki. Ba zan tafi ba. Yaya ba ta iya wake ba. In na tafi wa zai faɗa mata."

Gwaggo ta ja hanci, ta ce mu biyun duk halin Baba muka ɗauko, taurin kai, mu je mu ƙarata. Ta ce za ta dawo ranar ziyarar kaburbura ta ga ko gidan na tsaye. Ta ci tamal biyu, ta ƙunshe huɗu. Motar ta koma ba kaya.

Alhamis, 20 ga Yuli

Guduma tun ƙarfe bakwai. Kaina na ciwo.

Batir ba ya kai ni yamma yanzu da allon ke buɗe. Jiya a bas wata mata ta leƙa ta ce, "Ƙanenki ya ce ki sayo lemun tsami." Abin da na guda ke nan tun farko.

Don Eleuterio ya ce ai ba sai na bar allon a buɗe duk yini ba, in rufe in na fito, in buɗe in na koma gida, taɓawa uku ce kawai da yatsa uku. Ya kama hannuna zai nuna min. Na ce masa na sani, mantawa nake yi.